Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Walin Jihar Kartum Kan 'Yan Hayan Da Yaƙi Ya Kora

Zuwa ga Mai Girma Ahmad Usman Hamza, Walin Jihar Kartum.

Ina miƙa ta'aziyyar waɗanda muka rasa, domin babu gidan da bai ba da nasa kason ba a garin nan. Allah Ya ji ƙansu.

Ranka ya daɗe, maganar 'yan haya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na rubuto da Hausa ne don 'yan uwana na Mayo da Ingaz da Umbadda su ji abin da aka faɗa da yawunsu. Ofishinka ba zai rasa wanda zai juya maka ita zuwa Larabci ba.

Tun da soja suka karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, aka kuma yi shela ranar 20 ga Mayu cewa babu sauran 'yan Da'ama, wato dakarun RSF, a jihar nan, kira ɗaya muke ji daga bakin hukuma: jama'a su dawo. Sun kuwa amsa. Motoci suna ta sauke mutane daga Madani da Atbara da Kasala da Gadarif, jirgin ƙasa na kyauta yana kwaso wasu daga Alƙahira zuwa Aswan. A watan Oktoban 2025 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura ta ce waɗanda suka dawo Kartum sun haura miliyan ɗaya, daga cikin fiye da miliyan uku da rabi da suka fice. Sai dai ba kowane mai dawowa ne ke riƙe da takardar fili ba. Malamin makaranta, direban rakasha, mai sayar da shayi a bakin titi, leburan kasuwar Libiya, mafi yawansu ɗaki biyu da tsakar gida suke haya, kuma su ne suke dawowa suna tarar da ƙofa da kwado wanda ba nasu ba.

Akwai wani tela da na sani, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya daɗe a gida ɗaya a Umbadda har maƙwabta suna kiran gidan da sunansa. Bai taɓa tsallake wata bai biya ba kafin yaƙi. Da wuta ta matso ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauyen surukansa, ya bar keken ɗinki da gadaje da tukwane, ya kulle, yana ganin kwana kaɗan ne. Da ya dawo sai ya iske an sauya ƙofar ɗungurungum. Yaran wasu suna wasa a tsakar gidan. Abin da ɓarayi suka rage na kayansa an tara shi a kan rufi, rana da ruwan damina biyu sun gama da shi, kan keken ya yi tsatsa ba ya ko juyawa. Ya kira mai gidan, wanda ke zaune a Masar, bai ɗauka ba. Da dare sai ga saƙon murya ta WhatsApp: in yana son ɗakinsa ya biya kuɗin duk watannin da ya yi ba ya nan, sannan ya amince da sabon farashi, in ba haka ba ya sauke tarkacensa kafin Juma'a. Babu sammaci, babu alƙali, babu takardar tashi. Telan bai ma san akwai dokar da aka taka ba. Ya ɗauka haka abin yake, mai gida ya ce fita, sai fita.

Alhali ba haka yake ba, kuma kai ka fi ni sani. Ƙasar nan tana da Dokar Hayar Gine-gine ta 1991, wadda ita ma ta gaji tsarin taƙaita haya da aka fara tun 1953, kafin samun mulkin kai. A ƙarƙashinta mai gida ba ya korar ɗan haya don ya ga dama. Sai ya je kotu ya kawo dalili daga cikin waɗanda dokar ta lissafa: ƙin biyan haya, ko damun maƙwabta, ko mai da gidan wurin aikata haram, ko ba wa wani haya a ƙarƙashi ba da yardar mai shi ba, ko mai gidan ya tabbatar yana buƙatarsa don zaman kansa ko iyayensa ko 'ya'yansa, ko za a rushe a sake gini. Ko da wa'adin yarjejeniya ya cika, haya ba ta mutuwa nan take, doka ce ke ci gaba da riƙe ta har shekara bakwai. Jihar Kalifoniya ta Amurka sai a 2019 ta kai ga dokar hana kora ba dalili, Ingila kuwa sai a 2025 majalisarta ta zartar da soke irin wannan kora. Mu muna da wannan kariya a takarda tun shekaru masu yawa. Abin da nake roƙo bai wuce a tashi dokar da muke da ita daga barci ba, a kuma toshe ramuka biyu da yaƙi ya buɗe a cikinta.

Rami na farko shi ne maganar wata shida. Cikin dalilan tashi akwai cewa idan ɗan haya ya bar gida bai yi amfani da shi ba fiye da wata shida a jere ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, mai gida na iya neman a mayar masa. An sa wannan ne don maganin mai riƙe gida biyu, yana kwana a ɗaya ya kulle ɗaya don arhar haya. Ba a sa shi don mutumin da ya fita da 'ya'yansa a ƙafa harsashi na wucewa ta kansu ba. Amma daga 15 ga Afrilun 2023 zuwa Mayun 2025 wata ashirin da biyar ne. Duk ɗan hayan da ya gudu daga Amarat ko Sahafa ko Kalakla ko Shambat ko Salha ya ninka wata shidan nan har sau huɗu. In aka bar kowane alƙali ya yanke wa kansa ko yaƙi uzuri ne, kuma har zuwa wace rana, za a samu hukunci iri-iri a kan mutanen da masifa ɗaya ta kora. Wani lauya zai ce Karari ba ta taɓa faɗawa hannun 'yan Da'ama ba, to me ya fitar da kai? Kamar ba mu ga yadda ake ruwan bama-bamai a kan unguwar Sawra ta Karari daga ƙetaren kogi ba. Wani zai ce an kwato unguwarku tun watan kaza, me ya hana ka dawowa? Kamar bai ji labarin kwalarar Mayun 2025 ba, lokacin da jirage marasa matuƙa suka kashe tashoshin wuta, famfo ya ƙafe, mutane suka koma shan ruwan kogi.

An taɓa yin wannan a wata ƙasa, kuma yana da kyau a san yadda ta ƙare. Tsohuwar dokar Yugoslabiya ita ma tana da sharaɗin wata shida a kan masu zaune a gidajen hukuma. Da yaƙi ya ɓarke a Kuroshiya a 1991, kotuna suka yi amfani da shi suka soke haƙƙin dubban iyalai da suka tsere, akasarinsu Sabiyawa. Akwai wata dattijuwa a garin Zadar da ta tafi ziyarar 'yarta a Italiya a tsakiyar 1991, yaƙi ya rutsa garin, ba ta dawo ba sai a Mayun 1992. Ta tarar wasu sun shiga gidan, kotu kuma ta ce ba ta da uzuri. Ta bi shari'ar har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2006 aka ce mata abin ya faru kafin kotun ta sami hurumi a kan ƙasar. Bosniya, maƙwabciyarsu, ta fara bin wannan hanya, sai a 1998 aka soke dokokin gidajen da aka ce an yasar, aka buɗe wa mutane ƙofar karɓar wurarensu. Ita ce ta ga mutanenta suna komawa gidajen birni. Ba na son a wayi gari ana ba da labarin Kartum tare da na Zadar.

Rami na biyu ya fi zafi, shi ne bashin watannin yaƙi. Nan ne ake ta ɓatawa tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a akushi ɗaya. Mai gida yana cewa kayanka suna ciki, makulli yana hannunka, ai kai ke da gidan. Ɗan haya yana cewa wane gida, alhali masu bindiga ne ke kwana a kan gadona? Duniya ta shaida cewa mamaye gidajen mutane yana cikin manyan abubuwan da aka yi wa garin nan, har ya zama shi ne abin da soja suka yi ta kafewa a kai bayan sanarwar Jidda ta 11 ga Mayun 2023, cewa a fita daga gidajen farar hula. To in hukuma da kanta ta ce an ƙwace gidajen, da wane baki za a ce wanda aka ƙwace wa ya biya kuɗin zama?

Malamanmu ba su bar wannan mas'ala ba amsa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya kai babin haya a Muhtasar na Shehu Halil ya san hukuncin: haya tana warwarewa idan aka ƙwace gidan da ƙarfi ko aka ƙwace amfaninsa, haka ma idan sarki ya ba da umarnin rufe shaguna. Dalilin a fili yake, kuɗin haya farashin amfani ne, in amfani ya faɗi farashi ya faɗi. Dokar Mu'amalar Jama'a ta 1984 ma a kan wannan asali ta ginu, ta kuma san abin da ya fi ƙarfin mutum. Saboda haka ba baƙon abu nake kawowa daga waje ba. Abin da ya rage shi ne a faɗe shi a fili, unguwa-unguwa. Hukumar tsaro ta san ranar da kowace unguwa ta faɗa hannun 'yan Da'ama da ranar da aka kwato ta. A buga wannan jadawali, a ce tsakanin rana kaza da rana kaza babu haya a kan kowa a wannan yanki, a ƙara wasu watanni na dawowar ruwa da wuta. Rabin rigimar da za ta cika kotuna za ta mutu a tsakar gida, don kowa zai duba takarda ɗaya.

A nan kuma a tuna da agogon shekara bakwai. Wanda hayarsa ta shiga riƙon doka a 2019, misali, ya ci shekara huɗu a gidan, yaƙi ya cinye masa biyu yana gudun hijira, ya dawo an ce saura kaɗan ya tashi. Adalci shi ne a tsayar da lissafin daga ranar da yaƙi ya fara, a ci gaba daga ranar da unguwar ta zama ta zama.

Kada ka ɗauka na mai da masu gidaje azzalumai, ranka ya daɗe. Ba haka ba ne. A layinmu akwai wata gwauruwa da mijinta ya yi shekaru yana aiki a Saudiyya, duk abin da ya tara ya zuba a ɗakuna huɗu, ya rasu ya bar mata su a matsayin abincinta da na marayunta. Na shiga gidan bayan an kwato unguwar. Ba ƙofa, ba taga, ba fanka. An fasa bango tun daga mita har ɗakin ƙarshe an zare wayar wuta don tagullar da ke ciki, ramin yana bin bangon kamar hanyar gara. Injin ɗaga ruwa an tafi da shi, tankin kan rufi harsashi ya huda shi. Tana tsaye a tsakar gida da mayafinta tana lissafin kuɗin buhun siminti da yatsu, ta kai wani wuri ta daina. Wannan matar ba ta karɓi ko fam ɗaya ba tsawon yaƙin. In an ce mata ta haƙura da bashi kuma ta mai da tsohon ɗan haya a tsohon farashi, an kashe ta ne a tsaye. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 a kasuwar bayan fage, a 2025 ta haura 3,000. Tun kafin nan ma, a tsakiyar 2021, hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari. Hayar da aka yanke a 2020 yau ba ta sayen gawayin wata.

Wannan ne ma ya sa dokar 1991 ta yi rauni tun ana zaman lafiya. Mai gida ya ga in ya sa hannu a takarda ya ɗaure kansa shekara bakwai da kuɗin da ke narkewa, sai ya koyi zillewa: ba ya rubuta komai, ko ya ajiye gado biyu da firji ya ce gida mai kaya ne a biya wata-wata, ko ya ce sai dala, ko ya zaɓi baƙo da ɗalibi don ba sa daɗewa. Kariyar da ta hana mai gida numfashi ƙarshenta ɗan haya ne ke biya. Don haka duk gyaran da za a yi ya haɗa abu biyu a igiya ɗaya: ɗan haya ya tabbata ba za a tashe shi ba sai da dalili, mai gida ya tabbata kuɗinsa zai riƙa motsawa da ma'auni sananne, a lokaci sananne, ba sai ya yi shekara yana zirga-zirgar kotu ba. Ɗan hayan da ya sa ƙofa da taga da kuɗinsa a cire masa daga haya, a rubuce. Mai gidan da ya mai da tsohon ɗan hayansa a sauƙaƙa masa harajin gida na wasu shekaru. Wannan na ƙarshen a hannun jiha yake, ba sai an jira kowa ba.

Sai mutum na uku, wanda ba a cika ambatonsa ba: wanda ke cikin gidan yanzu. Yaran da telan ya gani a tsakar gidansa ba 'ya'yan ɓarayi ba ne. Iyayensu ma gudowa suka yi daga wata unguwa, suka biya dillali, suka biya watanni a gaba. Kai da ka tafiyar da jihar nan daga Karari a kwanakin da ba a iya shiga tsakiyar Kartum, ka ga yadda Sawra ta cika ta batse, ka ji yadda haya ta yi tsalle, ɗaki ɗaya ya koma kuɗin gida guda. Dillalai su ne suka ci kasuwar, suna karɓar la'ada a hannu biyu, suna zuga mai gida ya kori na ciki don an samu mai ba da ninki. Ba a gyara zaluncin da aka yi wa na farko da jefa na biyu kan titi. A ba shi wa'adi mai ma'ana, kuɗin da ya biya a gaba mai gida ya mayar masa. A kuma sa wa kuɗin gaba iyakar da za a iya tilastawa. Legas ta Nijeriya ta yi haka a 2011, ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kodayake masu zuwa can suna cewa ba kowa ke bi ba, don ba a bin sawu. Darasin ke nan gare mu: a yi wa dillalai rajista a ƙananan hukumomi bakwai na jihar, wanda ya karya a karɓe lasisinsa.

Akwai wani abu da mutanena ke faɗa a ƙasa-ƙasa, ni zan faɗe shi a sama. A 'yan watannin nan tsoro ya shiga cinikin haya. Ana tambayar mutum ƙabilarsa da garin haihuwarsa kafin a nuna masa ɗaki. Wanda ya zauna a unguwarsa bai gudu ba, sau da yawa don ba shi da kuɗin mota, ya rayu da abincin takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, yanzu kalma ɗaya daga bakin mai gida cewa ya yi hulɗa da 'yan Da'ama ta isa ta fitar da shi cikin dare, ba ya ko waiwayar kayansa. Wanda ya yi laifi a kai shi gaban shari'a da hujja, babu mai kare shi. Amma kada zargi ya zama gajeriyar hanyar kwashe gida don a sa mai biya da tsada. Mu Hausawa mun san ɗanɗanon a ce maka baƙo a ƙasar da kakanka ya tsufa. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu muke nan, duk da haka a Yulin 2022 aka zubar da jininmu a jihar Shuɗin Nilu kan tambayar wa ke da ƙasa, wasu daga cikin waɗanda suka tsira Kartum suka nufo suka kama haya. Iyayenmu kuma suna tuna yadda aka tashi unguwar Ishash Fallata aka kai mutanenta Ingaz. A irin wannan tashi, da kuma rusau ɗin unguwannin da ba su da tsari da ake yi yanzu, mai rumfa ko mai ɗaki yakan sami a rubuta sunansa, wataƙila a ba shi fili. Wanda ke haya a cikin ɗakin ba ya shiga kowane littafi. Kafin katafila ta shiga ko'ina, a ƙirga shi.

Na san za a ce dokar haya ta tarayya ce, ba Wali ke gyara ta ba. Gaskiya ne. Amma ofishinka ya sha fitar da umarnin dokar ta-ɓaci a kan abubuwa da dama tun da aka shiga wannan hali, kuma 'yan sandan jiha suna jin maganarka. Umarni ɗaya ya isa ya ce sauya kwado, da fitar da kayan mutum, da yanke masa ruwa ko wuta don ya tashi, ba tare da hukuncin kotu ba, laifi ne, kuma ofishin 'yan sanda ya karɓi ƙarar maimakon ya ce a je a sasanta. Sauran kuwa, maganar uzuri da jadawalin unguwanni da tsayar da shekara bakwai, takarda ce daga hannunka zuwa ga Ministan Shari'a da Alƙalin Alƙalai, su fitar da manshur, wato takardar umarni, ga kotuna. Kwamitin da aka kafa a 2025 ƙarƙashin Janar Ibrahim Jabir don shirya dawowar jama'a yana maganar gadoji da tiransifoma da asibitoci. A ƙara masa wannan a ajandarsa.

Kotuna kaɗai ba za su iya ɗaukar kayan nan ba, wasu gine-ginensu ma sai an gyara, fayiloli da yawa sun ƙone. A kafa zaman sulhu a kowace unguwa, limami da dattijo biyu da lauya ɗaya na sa kai, abin da suka cimma a rubuta a sa hatimin ƙaramar hukuma ya zama abin zartarwa. A kuma yarda da hujjar da talaka ke da ita. Yawancinmu ba mu da yarjejeniya a rubuce, wanda ke da ita ma ta tafi da akwatin da aka sace. Amma akwai saƙonnin manhajar banki ta Bankak da ke nuna ana tura kuɗi kowane farkon wata, akwai lambar mitar wuta da mutum ya yi shekaru yana saya wa kati, akwai maƙwabta biyu da za su rantse. A sanar ta gidan rediyon Umdurman da masallatai ranar Juma'a, da Larabci da sauran harsunan da ake ji a gefen gari, cewa waɗannan sun isa shaida, kuma a ba da wa'adin shigar da kuka mai tsawon da wanda ke Aswan ko Adre zai iya isowa.

Allah Ya taimaki Wali, Ya ba shi ikon yin adalci.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan haya daga Umbadda, Umdurman.